Ƙafar da Ke Saurare da Ƙafar da Ke Ba da Umarni: Daga Masaƙun Kakuri Zuwa Teburin Mai Gyara a Tirkaniya

Unguwar Tirkaniya tana kudu da kogin Kaduna, tana maƙwabtaka da Nasarawa, kuma ba ta da nisa da Kakuri, inda manyan masana'antun Arewa suka taɓa tsayawa a jere. Da yawa daga cikin mutanen da suka cika waɗannan unguwanni a rabin ƙarshe na ƙarnin da ya wuce, jiniyar masaƙa ce ke tashinsu da asuba, ita ce kuma ke sallamarsu da yamma. A yau yawancin jiniyoyin sun yi shiru. Sai dai injin da ke sarrafa kansa bai bar yankin ba. Ƙanƙancewa ya yi, ya shige cikin inbata da sitabilaiza da mitar wuta ta kati da cajar sola da na'urar da ke kunna injin ruwa idan tanki ya yi ƙasa.

Duk wanda ya buɗe ɗaya daga cikin waɗannan kayayyaki zai tarar da wani ɗan baƙin abu mai ƙafafun ƙarfe a jere kamar na shanshani. Masana suna kiransa maikurokantarola, masu gyara kuwa aisi suke ce masa, kamar yadda suke kiran sauran danginsa. Cikakkiyar kwamfuta ce a cikin gutsuren silikon guda: tana da sashen lissafi, da ma'ajiyar umarni, da ma'ajiyar bayanai. Amma ba ta da ido, ba ta da hannu. Duk abin da za ta sani game da duniya ta ƙafafun nan yake shiga, duk abin da za ta aikata kuma ta nan yake fita. Shi ya sa aikin farko na duk mai rubuta mata umarni shi ne ya yanke wa kowace ƙafa hukunci: wannan za ta saurara, waccan za ta ba da umarni. Wannan hukunci yana da tarihi mai tsawo, kuma wani yanki na tarihin a cikin masaƙa ya faru.

Injin saƙa da ya koyi tsayawa

A 1957 kamfanin Kaduna Textiles Limited ya fara aiki a Kakuri, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead and Sons na yankin Lancashire a Ingila. Manufar ita ce audugar da ake nomawa a ƙasashen Funtuwa da Zariya da Gusau ta zama yadi a gida, maimakon a yi ta lodinta a jirgin ƙasa zuwa bakin teku. A shekarun 1960 wasu masaƙun suka biyo baya, ciki har da United Nigerian Textiles mai jarin 'yan kasuwar Hong Kong da Arewa Textiles mai jarin Japanawa. An kafa masana'antar ƙera makamai ta soja a 1964, kamfanin Peugeot kuma ya fara harhaɗa motoci a 1975. Cikin shekara ashirin kudancin Kaduna ya zama matattarar makanikai da masu aikin lantarki da masu kula da inji.

Injin saƙa na wancan zamani ya riga ya gaji dabarar da ta girme shi da shekaru. Matsalar masaƙi a ko'ina ita ce tsinkewar zare. Masaƙin gargajiya da ke jefa ƙoshiya da hannunsa yana gani nan take idan zare ya tsinke, sai ya dakata ya ƙulla. Injin da wuta ke juyawa kuwa ba ya gani. Zai ci gaba da bugu har ya lalata yadi mai yawa. Maganin da maƙera suka samo shi ne a rataya wa kowane zaren tsaye wani siririn ƙarfe. Muddin zaren yana miƙe, ƙarfen yana sama. Da zarar ya tsinke, ƙarfen zai faɗo ya tare wani sanda ko ya haɗa layin wuta, inji ya tsaya. A ɓangaren zaren kwance ma akwai wani ɗan cokali mai yatsu da ke taɓa zaren a kowane bugu, idan bai same shi ba ya tsayar da aiki.

Sakichi Toyoda na Japan ya kammala injinsa mai suna Type G a 1924, wanda ke sauya ƙoshiya ba tare da tsayawa ba, yake kuma tsayar da kansa idan zare ya tsinke. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Oldham, a wannan yanki na Lancashire, ya sayi haƙƙin ƙera shi kan fam dubu 100. Tun kafin nan, a 1804, Joseph Marie Jacquard na birnin Lyon a Faransa ya nuna cewa ana iya ba injin saƙa umarni da katuna masu huji: inda akwai huji zare ya ɗagu, inda babu ya zauna. Wannan katin ne Charles Babbage ya yi niyyar amfani da shi a injinsa na lissafi, shi ne kuma kakan katin da Herman Hollerith ya ƙidaya jama'ar Amurka da shi a 1890.

Idan aka lura, abubuwa uku ne suka haɗu a nan. Akwai abin da ke jin halin da inji yake ciki, wato ƙarfen da ke rataye a zare. Akwai abin da ke aikatawa, wato sandan da ke kashe inji. Akwai kuma ƙa'idar da ta haɗa su: idan wancan ya faɗi, wannan ya motsa. Na farkon shi ne shiga, na biyun shi ne fita. A injin saƙa ba wanda zai rikita su, domin maƙeri ya riga ya zuba kowannensu a ƙarfe da siffarsa daban. Ma'aikacin Kakuri da ke zagaya injuna yana ƙulla zare yana aiki da shiga da fita kullum, ko da bai taɓa jin sunayen ba.

Daga waya zuwa rubutu

Mataki na gaba shi ne rile, wato makunnin da maganaɗisun lantarki ke ja. Ƙaramar wuta ta shiga naɗin waya, sai ta ja wani ƙarfe ya haɗa babbar wuta. A 1937 Claude Shannon, yana ɗalibi a MIT ta Amurka, ya nuna a kundin digirinsa na biyu cewa jerin rile yana iya yin lissafin i da a'a na George Boole. Masana'antu suka cika da manyan akwatunan rile, kowanne da ɗaruruwan wayoyi. Ƙa'idar aikin inji a cikin wayoyin take, wanda yake son sauya ƙa'ida sai ya kwance waya ya sake ɗaurawa.

Wannan wahala ce ta sa kamfanin General Motors ya nemi a ƙera masa abin da zai maye gurbin akwatunan a 1968. Dick Morley da abokan aikinsa na Bedford Associates suka amsa da na'urar Modicon 084. Yanzu wayoyin majiya suna shiga gefe guda, na injuna suna fita ta wani gefen, ƙa'idar da ke tsakani kuma ta koma rubutu da ake iya gogewa a sake. Duk da haka, shiga da fita suna nan a rabe, kowanne da allonsa.

A Nuwamba 1971 kamfanin Intel ya fitar da 4004, sashen lissafin kwamfuta a gutsure guda. A wannan lokacin Gary Boone da Michael Cochran na Texas Instruments suna aikin cusa kwamfuta ɗungurungum, har da ma'ajiya da ƙofofi, a gutsure ɗaya. Sakamakon aikinsu, TMS1000, ya shiga kasuwa a 1974, ya shige cikin kalkuleta da kayan wasan yara da murhun lantarki. Ƙafafunsa na shiga guda huɗu ne, na fita kuma daban, kuma ba a iya musanya su. Umarnin da ke cikinsa ma a masana'anta ake buga shi sau ɗaya tak. Wanda ba zai sayi dubbai ba, ba shi da rabo a ciki.

Haihuwar rajistar alkibla

Ƙafa tana da tsada. Kowace ƙafa da aka ƙara tana ƙara girman gidan aisi da kuɗin ƙera shi, alhali masu saye buƙatunsu sun sha bamban: wani yana son majiya goma da fitila biyu, wani majiyi ɗaya da fitilu goma sha biyu. Maimakon a ƙera wa kowa nasa, sai injiniyoyi suka bar wa mai saye zaɓin. A 1974 Motorola ta fitar da 6820, aisi mai ƙofa biyu, kowace da ƙafa takwas. Ƙofa a nan tana nufin rukunin ƙafafun da ake karantawa ko rubutawa tare. Kowace ƙofa tana da wani ɗan gurbin ajiya mai ɗaukar lamba takwas, ko dai 0 ko 1, lamba ɗaya ga kowace ƙafa. Wannan gurbin shi ne rajistar alkibla. Idan aka rubuta 0, ƙafar ta zama ta shiga. Idan aka rubuta 1, ta zama ta fita. Intel ma ta yi nata, 8255, mai ƙafafun shiga da fita 24 a ƙofa uku, wanda ake tsara shi da lambar umarni guda.

Hukuncin da maƙeri yake yankewa da guduma ya koma lamba takwas da ake rubutawa cikin ƙiftawar ido. Daga nan kowane gidan ƙira ya bi tasa hanyar, kuma hanyoyi uku ne suka fi yaɗuwa har zuwa azuzuwan koyar da lantarki a Najeriya.

Ta farko ita ce ta Intel 8051, wanda ya fito a 1980 da ƙafa 40, daga ciki 32 na shiga da fita ne a ƙofa huɗu. Shi ba shi da rajistar alkibla ko kaɗan. Idan aka rubuta wa ƙafa 0, tana janyo layin ƙasa da ƙarfi. Idan aka rubuta 1, tana riƙe shi sama da rauni, yadda wani abu daga waje zai iya rinjayarta ya janyo ta ƙasa. Don haka mai son saurare da ƙafar 8051 sai ya rubuta mata 1 tukuna, sannan ya karanta. Ƙofarsa ta farko, wadda ake kira P0, ba ta da ko wannan raunanan riƙon, sai an sa mata rizisto daga waje.

Ta biyu ita ce ta dangin PIC. Kamfanin General Instrument ne ya ƙirƙiro su a tsakiyar shekarun 1970 domin su taimaka wa babban sashen lissafinsa, CP1600, wajen hulɗa da na'urorin waje. Aikin shiga da fita shi ne dalilin haihuwarsu. Sashen ya ɓalle ya zama kamfanin Microchip a ƙarshen shekarun 1980. A 1993 ya fitar da PIC16C84, wanda ake goge umarninsa da lantarki a sake rubutawa, ba sai an shanya shi a ƙarƙashin fitila ta musamman ba kamar na da masu ɗan tagar gilashi. A PIC rajistar alkibla sunanta TRIS, kuma 1 ce shiga, 0 ce fita. Ana tuna wannan da cewa 1 ta yi kama da harafin I, 0 kuma da harafin O, haruffan farko na kalmomin shiga da fita a Turanci.

Ta uku ita ce ta AVR, ƙirar wasu ɗalibai biyu na Norway, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan, wadda kamfanin Atmel ya fara sayarwa a 1997. A nan kowace ƙofa tana da rajista uku: DDR ta alkibla, PORT ta abin da za a fitar, PIN ta abin da aka ji. Kuma AVR ya bi tafarkin Motorola, 1 fita, 0 shiga. Ma'ana, lambar 00001111 a rajistar alkiblar AVR tana mai da ƙafa huɗu na farko na fita, amma ita wannan lambar a PIC tana mai da su na shiga. Ɗalibin da ya koyi ɗaya ya koma ɗayan ba tare da duba takardar bayanin aisin ba, zai juya komai a bai-bai.

A 2005, a wata makarantar zane-zane da ke garin Ivrea na Italiya, Massimo Banzi da abokansa suka ɗora AVR a kan wani ɗan allo mai araha suka sa masa suna Arduino, suna gini a kan aikin Wiring na Hernando Barragán. Rubuta lamba a rajista ya koma umarni guda mai suna pinMode: a faɗi lambar ƙafa, a faɗi ko shiga ko fita. Allon Arduino Uno yana ɗauke da ATmega328P, mai ƙafafun shiga da fita 23 a ƙofofin B da C da D. Abin da a da sai babban kamfani, yanzu ya zo hannun duk mai kwamfutar cinya da wayar USB.

Abin da ke faruwa a cikin ƙafar

Ƙafar da aka mai da ta fita tana da hali biyu kacal. Ko dai ta haɗa layin da wutar aisin, bolt 5 ko 3.3, ko ta haɗa shi da ƙasa, bolt 0. Ƙafar shiga kuwa tana sakin layin gaba ɗaya, ba ta turawa ba ta ja, tana auna abin da wani ya ɗora a kai ne kawai. Daga wannan bambanci ne kurakuran da suka fi yawa suke tasowa.

Na farko shi ne karo. Idan aka mai da ƙafa ta fita tana tura bolt 5, alhali a waje an haɗa ta da makunnin da ke kai wa ƙasa, ranar da aka danna makunnin wuta za ta kwarara ba shamaki. Takardar bayanin ATmega328P ta sa iyakar ƙarshe ta miliamfiya 40 ga kowace ƙafa, kuma masu hankali ba sa wuce 20. Abin da ya haura haka yana iya ƙona ƙafar, wani lokaci har da aisin duka. Sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya, haka ƙafar fita biyu ba sa zama a waya ɗaya suna saɓa wa juna.

Na biyu shi ne ƙafar shiga da aka bari tana reto, ba a haɗa ta da komai ba. Irin wannan ƙafa tana zama kamar eriya, tana kwasar duk wata hayaniyar lantarki da ke kusa, ko ta wayar wutar gida mai kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, ko ta tartsatsin janareta, ko ta hannun mutum da ya matso. Sai aisi ya riƙa karanta 1 da 0 barkatai. Maganinsa rizisto ne mai janyo layin sama da rauni, yadda ƙafar za ta karanta 1 har sai makunni ya janyo ta ƙasa. AVR yana da irin wannan rizisto a cikinsa, mai ƙarfin kilo-om 20 zuwa 50, ana kunna shi da rubuta 1 a rajistar PORT yayin da ƙafar take a matsayin shiga.

Na uku shi ne ɗora wa ƙafa kayan da ya fi ƙarfinta. Ƙafar aisi ba ta iya jan rile kai tsaye, balle injin ruwa. Tana taɓa tiranzisto ne, tiranzisto ya ja rile, rile ya haɗa babbar wuta. A gefen naɗin rile kuma dole a sa dayod, domin lokacin da aka yanke masa wuta yakan mayar da wani bugu mai ƙarfi da ke kashe tiranzisto. Haka a ɓangaren shiga: wutar gida mai bolt 230 ba ta kusantar ƙafar aisi sai ta hanyar wata 'yar na'ura da ke isar da saƙo da haske, yadda babu ƙarfen da ya haɗa ɓangarorin biyu.

Lokacin da aka kawo wuta

Duk da saɓaninsu a kan 0 da 1, Motorola da Intel 8255 da PIC da AVR sun yi ittifaƙi a kan abu guda: lokacin da wuta ta shiga aisi, kafin ya karanta umarnin farko, duk ƙafafunsa na shiga ne. Yana farkawa ne yana saurare. Dalilin a fili yake, domin aisin bai san abin da aka haɗa da ƙafafunsa ba tukuna, kuma ƙafar da ke saurare ba ta ƙona komai.

Wannan ɗan taƙin lokaci na farkawa ba ya damun mai ƙira a ƙasar da wuta ke shekara ba ta ƙifta ba. A Kaduna lamarin ya sha bamban. Tun zamanin hukumar NEPA da aka kafa a 1972, zuwa PHCN, zuwa kamfanonin rarraba wuta da aka sayar wa 'yan kasuwa daga 2013, ɗaukewar wuta ta zama abin yau da kullum, babban layin ƙasa ma yakan faɗi ɗungurungum. Na'urar da ke gida a Tirkaniya tana iya mutuwa ta farka sau da yawa a yini guda, tsakanin wutar gari da janareta da batirin sola. Kowace farkawa tana maimaita wancan lokaci da ƙafafu suke a sake. Kuskuren da zai ɓuya shekara guda a wani wuri, a nan cikin mako zai bayyana.

Misalin injin ruwa ya isa ya nuna haka. Gidaje da yawa a kudancin Kaduna sun dogara da rijiyar burtsatse da tanki a sama. Na'urar da ke kula da tankin tana da ƙafar shiga da ke haɗe da makunni mai iyo a kan ruwa, da ƙafar fita da ke jan rile. A lokacin farkawa ƙafar fitar ba ta riga ta zama ta fita ba, a sake take. Idan babu rizisto a waje da zai riƙe tiranzisto a kashe, hayaniya na iya kunna injin na ɗan lokaci. Akwai kuma wani tarko: yawancin ƙananan allunan rile da ake sayarwa a kasuwa da 0 suke kunnuwa, ba da 1 ba, rajistar fitarwa ta AVR kuma da 0 take farkawa. Wanda ya fara sauya alkibla kafin ya rubuta abin da yake so ya fita, rilensa zai yi ƙas ya kunna inji a kowace dawowar wuta. Ƙa'idar da gogaggu ke bi ita ce a fara rubuta halin kashewa a rajistar fitarwa, sannan a buɗe ƙafar ta zama ta fita.

A na'urar da ke sauya gida daga wutar gari zuwa janareta, wannan ƙas ɗin ya wuce batun asarar kuɗi. Idan rile biyun suka haɗu a lokaci guda, janareta na iya ƙonewa, ko wutarsa ta koma kan layin gari ta sami ma'aikacin da ke bisa turke yana zaton layin a mace yake. Shi ya sa ba a barin wannan ga rubutaccen umarni kaɗai; ana ɗaura makunnan biyu yadda ɗaya ba zai iya rufuwa ba muddin ɗayan yana rufe. Ga kuma wutar da ke zuwa rabi-rabi, wadda ba ta kashe aisi ba, ba ta kuma ishe shi tunani daidai ba. AVR da PIC na zamani suna da mai gadi a ciki da ke tsayar da aisin ya mayar da ƙafafunsa ga saurare idan wuta ta yi ƙasa da wani mizani, amma mai ƙira ne zai tabbatar an kunna shi, an kuma saita shi daidai.

Darasin injin saƙa ma yana nan da ransa. Ƙarfen da ke rataye a zare an tsara shi ne yadda lalacewa kanta ce ke tsayar da inji. Haka ya kamata a ɗaura makunnin tanki: idan ana buƙatar ruwa ya rufe, ƙafa ta karanta 0, inji ya tashi, idan tanki ya cika ya buɗe, ƙafa ta karanta 1, inji ya tsaya. Ranar da ɓera ya ci wayar ko rana ta tsinka ta, ƙafar za ta karanta 1, inji ya tsaya. Wanda ya ɗaura akasin haka, tsinkewar waya za ta bar injinsa yana aiki har tanki ya yi ambaliya ko rijiya ta ƙafe injin ya ƙone.

Ilimin da ya fita daga masana'anta

Masaƙun Kaduna sun fara tangal-tangal tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga tsadar kayan gyara, ga ƙarancin wuta da man baƙi, ga yadin fasa-ƙwauri da ya cika kasuwa. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida, wasu ba tare da haƙƙoƙinsu ba. Tare da albashi, akwai wani abu da ya salwanta wanda ba a cika lissafawa ba: wurin da yaro zai tsaya kusa da gogaggen mai aikin lantarki shekara da shekaru, ya ga yadda ake bin waya daga majiyi zuwa inji.

Abin da ya rage na wannan ilimi ya watsu. Wani yana Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta samo asali daga makarantar koyon sana'a ta 1956 ta kuma zama kwaleji a 1968, inda ɗaliban lantarki ke gina aikinsu na kammala karatu a kan 8051 da PIC da Arduino. Wani yana kasuwar Panteka a hayin arewa na kogin, wurin maƙera da masu walda da masu naɗin waya. Wani kuma yana ƙananan shagunan gyaran inbata da talabijin da sitabilaiza da ke bakin titunan Kakuri da Nasarawa da Tirkaniya. Matsalar ita ce rabuwar kashin biyu: ɗalibi ya iya rubuta umarni amma bai saba da ƙarfen dalma ba, mai gyara ya iya gano tiranziston da ya ƙone da ido amma aisi ya zame masa rufaffen ɗaki.

Kuma ɗakin a rufe yake da gaske. Yawancin kayan da ake shigowa da su, masu ƙera su suna kulle umarnin da ke cikin aisin yadda ba a iya kwafe shi. Idan ƙafa ɗaya ta ƙone, sabon aisi daga kasuwa fanko ne, ba zai yi komai ba, sai a yar da allon duka a sayi wani. Amma allon kansa ba ya ɓoye komai. Mai gyaran da ya san ƙa'idar shiga da fita yana iya bin layukan tagulla da mita, ya rubuta a takarda cewa wannan ƙafa tana jin ƙarfin batir, waccan tana jin ruwan tanki, wannan tana jan rile, waccan tana kunna fitila. A na'urori masu sauƙi irin na tanki da na sauya wuta, wannan jadawalin shi ne rabin aikin rubuta sabon umarni a kan aisi mai araha.

A nan ne mai ƙira na gida yake da fifiko a kan na nesa. Injiniyan da ke wata ƙasa yana gwada na'urarsa a kan wutar da ba ta yankewa. Wanda ke Tirkaniya ya san wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan awa goma, ya san ƙurar hunturu da ke shiga makunni, da tsawar damina da ke bin doguwar waya daga tanki zuwa ɗaki. Idan ya haɗa wannan sani da jadawalin ƙafafu, ya yanke wa kowace ƙafa alkiblarta da halin da za ta kasance a ciki lokacin farkawa da lokacin da waya ta tsinke, zai iya ƙera na'urar da za ta daɗe a unguwarsa fiye da wadda aka yi oda. Kayan aikin ba su wuce allon Arduino da mita da ƙarfen dalma da takardar bayanin aisi ba, wadda kamfanonin ke bayarwa kyauta a intanet. Abin da ya fi wuyar samu shi ne teburin da ɗalibin kwaleji da yaron shago za su zauna tare, kamar yadda injiniya da makanike suka taɓa tsayawa a gaban injin saƙa guda a Kakuri.